Gaskiya ko Jita-jita: Wai Kyamara ce ke Kumbura Hanci?

"Wayar nan tana kumbura hanci." Maganar ta zama ruwan dare a gidajen biki, daga Kiru har Doguwa. Budurwa za ta ɗauki kanta a waya, ta duba, ta ɓata rai, ta goge, ta karɓi ta ƙawarta ta sake gwadawa, hancin kuma ya sake fitowa yadda ya fito da farko. Samarin da suka kama sana'ar hoto a Tudun Wada da Kwanar Dangora su ma suna da tasu: wai gilashi mai faɗin gani, wanda suke kira wayid, ba a ɗaukar mutum da shi, na fili ne da gini, mai son hoton mutum ya fito tsaf sai ya nemi 85. Duk maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, shi ya sa suka yi ƙarko. Amma an ɗora laifin a kan wanda bai ci ba bai sha ba, kuskuren kuma yana cin kuɗin masu hoto, yana sa 'yan mata ƙyamar fuskar da Allah ya ba su.

Lambar da ke jikin gilashin kyamara, 24 ko 50 ko 85, milimita ce, kuma abin da take gaya wa mai ɗauka shi ne faɗin filin da kyamarar za ta kwasa. Ƙaramar lamba tana kwasar fili mai yawa, babba kuma tana tsinto ɗan wuri ta cika hoton da shi. A kyamarar da sansarta, wato ɗan allon da haske ke sauka a kai, ta kai girman tsohon fim, idan ka tsaya mita uku daga bango, 24 zai ɗauko maka faɗin mita huɗu da rabi, 50 zai ɗauko mita biyu da 'yan kai, 85 kuwa mita ɗaya da kwata kacal. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, babbar kyamarar bayan kusan kowace waya, Tecno ce ko Samsung ko iPhone, tana tsakanin 23 da 28 ne a wannan ma'auni, ta gaba ma haka. Ke nan duk mai waya a aljihu wayid yake yawo da shi, kuma da shi ake ɗaukar mafi yawan hotunan mutane a yau.

To me ke kumbura hancin? Fuska tana da tudu da kwari. Tsinin hanci yana gaban kunne da kimanin santimita 12. Idan wayar tana santimita 30 daga hanci, to tana santimita 42 daga kunne, kuma abin da ya fi kusa shi ke fitowa da girma: hancin zai samu ƙarin kashi 40 cikin 100 a kan ma'aunin da kunnen ya samu. Ja da baya zuwa mita ɗaya da rabi, sai ya zama 150 da 162, bambancin ya sauko kashi 8. A mita uku kashi 4 ne, wanda ido ba ya ma lura da shi. A duk wannan lissafi ba a ambaci gilashi ba, ba a ambaci sunan waya ba. Tazara ce kawai.

A 2018 wani likitan gyaran fuska a Jami'ar Rutgers ta Amurka, Boris Paskhover, ya auna wannan tare da abokan aikinsa, saboda yadda mutane ke zuwa masa da hoton salfi suna neman a rage musu hanci. Sun wallafa sakamakon a mujallar JAMA Facial Plastic Surgery: hoton da aka ɗauka a santimita 30 yana ƙara faɗin hanci, idan an gwada shi da faɗin fuska, da kashi 30 cikin 100 ga maza, kashi 29 ga mata. A mita ɗaya da rabi ƙarin bai wuce kashi 7 ba. A ƙasar da ake yabon mace da hanci har baka, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yarinya tana kallon hancin da ba nata ba kullum a waya, har ta yarda nata ne, ta shiga neman manhajar da za ta tsuke mata shi.

Gani ya kori ji. Ka tsayar da ƙaninka a tsakar gida, ka ja da baya mita biyu, ka ɗauke shi da waya ba tare da ka taɓa zum ba, sannan ka yanke hoton ka bar fuskar kaɗai. Daga nan inda kake, kada ka ɗaga ƙafa, mai babbar kyamara ya ɗauke shi da 85. Ku jera hotunan biyu. Na babbar kyamarar zai fi tsabta da kaifi, amma siffar fuskar ɗaya ce: hanci ɗaya, kunne ɗaya, goshi ɗaya. Abin da wayid ke yi shi ne jan mai ɗauka ya matso. Kafin ka cika hoto da kai da kafaɗa da gilashin waya sai ka zo kimanin santimita 40 daga fuska, alhali da 85 kana kusan mita ɗaya da rabi. Mai salfi kuwa tsawon hannunsa ne iyakarsa. Don haka cewa gilashin ne ke kumbura hanci jita-jita ce, cewa hoton kusa yana kumbura shi kuwa gaskiya ce tsantsa, ko da wace kyamara aka ɗauka.

Wannan ya taɓa wata magana da ta fi ta hanci nauyi, wai hoto ba ya ƙarya. Yau da hoto ake fara neman aure: a tura ta WhatsApp, a nuna wa Hajiya, a nuna wa Yaya, a yanke hukunci tun ba a ga mutum ba. A 2012 masu bincike a Caltech ta Amurka sun ɗauki fuskokin mutane a tazara biyu, santimita 45 da santimita 135, suka daidaita girman hotunan, suka nuna wa wasu da ba su san an yi haka ba. Hotunan kusa su aka fi gani a matsayin marasa kyau, marasa amana, marasa ƙwarewa, alhali mutanen su ne dai ba su canja ba. Ni a ganina duk wanda zai tura hoto don magana mai muhimmanci, aure ce ko neman aiki ko fastar takarar kansila, bai kamata ya tura salfi ba. Ya miƙa wa wani wayar, ya ce masa ya ja da baya taku uku.

Akwai kuma inda masu kuka da wayid suke da gaskiya, kuma ba daidai ba ne a rufe musu baki. Wanda ya faɗo gefen hoto yana miƙewa. Haska tocila a bango kai tsaye, hasken zai zauna zagaye, karkata ta gefe sai ya koma siffar ƙwai. Haka kan mutum yake yi idan ya faɗo gefen hoton da aka ɗauka da gilashi mai faɗin gani, domin haskensa a karkace yake sauka a kan sansa. Da 50, wanda ke can ƙarshen layi yana ƙara faɗi da kashi 6 cikin 100, babu mai lura. Da 24 ya kai kashi 25. Maɓallin nan na 0.5 da ya shahara bayan iPhone 11 ta fito da shi a 2019, daidai yake da 13, kuma abin da ya faɗo can kusurwarsa yana iya ninka tsawonsa. Saboda haka idan ƙawar amarya da aka tsayar a ƙarshen layi ta ce hoton ya ƙara mata ƙiba, ba ƙarya take yi ba, gaskiyarta ce. Wasu wayoyin yanzu suna da manhajar da ke gyara fuskokin gefe da kanta, injiniyoyin Google sun bayyana tasu hanyar a 2019, amma ba kowace waya ke yi ba.

A hoton maza al'ada tana rufa mana asiri, tunda dattijo a tsakiya ake sa shi, yara a gefe. A hoton mata na kamu ko na wuni, inda kowa ke kutsowa, wadda ta zo ƙarshe ita ke shan wahala. Maganin ba ya cin ko kwabo. Manya goma kafaɗa da kafaɗa suna cin kusan mita biyar. A raba su layi biyu, na gaba a zaune, na baya a tsaye, faɗin ya ragu da rabi. Mai ɗauka ya ja da baya ya bar fili a dama da hagu, daga baya ya yanke. "Gwaggo, a ɗan matso ciki" ta fi duk wani gyaran kwamfuta amfani.

Sai mu zo kan 85, wanda samari ke tara kuɗi dominsa kamar shi ne lasisin sana'a. Gilashi ne mai kyau, babu ja. Yana tilasta maka tsayawa nesa, yana dusashe baya, fuska ta fito ita kaɗai. Amma a ina za ka tsaya? Don ɗaukar mutum a tsaye tun daga hula har takalmi, 85 yana bukatar kusan mita biyar, 50 kusan mita uku, 35 kuwa mita biyu. Ɗakin amarya mai ƙafa sha biyu sha biyu bai kai mita huɗu ba tun yana wayam, balle an sa gado da kujeru da jere. Wannan lissafin ma na manyan kyamarori ne. Yawancin waɗanda ke hannun masu farawa, irin su Canon 600D da Nikon D3100, ƙaramar sansa gare su, sai an ninka lambar gilashin da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon. A kan Canon irin wannan 50 ya koma 80, shi kuwa 85 ya koma 136. Wanda ya sayo 85 ya ɗaura a kanta ya shiga ɗakin amarya, fuska kaɗai zai iya fitarwa, ita ma sai ya manne da bango.

Abin da zai faranta wa mai ƙaramin jari rai shi ne, gilashin 18 zuwa 55 da ke zuwa tare da waɗannan kyamarori, wanda ake rainawa, idan aka murɗa shi zuwa 55 daidai yake da 88 a Canon. Siffar fuskar da 85 zai ba ka, shi ma zai ba ka. Inda ya gaza shi ne haske: a 55 ƙofarsa ba ta wuce f/5.6, alhali ɗan 50 mai f/1.8, wanda yana cikin mafi arahar gilasai, yana shigar da haske kusan ninki goma. Wannan shi ne bambancin da ake gani a zaure bayan magariba, shi ne kuma ke kawo dusashewar baya.

Dusashe baya kuwa, wanda yanzu kowa ke nema har a waya, ba kullum yake alheri ba. Idan abin da ke bayan mutum igiyar shanya ce da tsohon langa-langa, to a dusashe. Amma mu a kudancin Kano muna da bayan da ba a dusashewa. Dam ɗin Tiga da ke Bebeji, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwansa ya mamaye murabba'in kilomita 178. Masuncin da ya yi shekara talatin a kan wannan ruwa, idan ka ɗauke shi da 85 ka narkar da duk abin da ke bayansa, ka samu fuskar wani dattijo, wadda za a iya cewa a ko'ina aka ɗauka. Ɗauke shi da 28 ko 35, da kwalekwalensa da komarsa da ruwan da ya tafi har inda ido ya tsaya, sai hoton ya faɗi wane ne shi ba tare da an rubuta komai a ƙasa ba. Haka manomin masara a Doguwa a gaban damman da ya girbe, haka dattijon Riruwai da ya yi aikin haƙar kuza da duwatsun garin a bayansa, haka makiyayi a bakin dajin Falgore. Jikokin waɗannan mutane za su so ganin fuskar, amma za su so ganin wurin ma, domin wuri yana canjawa, gona ta zama gida, kasuwa ta tashi. A nan wayid ba shi da na biyu, kuma cewa ba a ɗaukar mutum da shi jita-jita ce da ke hana mu ajiye tarihinmu.

Manyan masu hoton Afirka ta Yamma ba da fuska kaɗai suka yi suna ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, da Malick Sidibé, wanda aka ba lambar Zakin Zinariya a baje kolin Venice a 2007, mutum suke ɗauka da suturarsa da rediyonsa da babur ɗinsa, yadda yake so a tuna da shi. Tsofaffin hotunan da ke rataye a ɗakunan iyayenmu ma haka suke: mutum a tsaye ko a zaune, cikakke, mai hoton yana can nesa. Cika hoto da fuska tun daga goshi zuwa haɓa sabon yayi ne da waya ta yaɗa.

Sai dai wayid yana da sharuɗɗa, kuma ba ya yafe wa wanda ya karya su. Mutumin ya kasance a tsakiya ko kusa da ita, kada kansa ya kusanci kusurwa. Tazara kada ta gaza mita ɗaya da rabi, biyu ta fi. Kyamarar ta tsaya daidai ƙirjinsa, a miƙe: ka ɗaga ta sama ka karkato, kai ya yi girma ƙafa ta tsuke, ka durƙusa ka ɗago ta, takalmi ya fi hula girma, ginin da ke baya ya kwanta. Duk abin da aka miƙo gaba kuma zai kumbura. Amarya ta miƙo hannu don a ga lalle, tafin ya fi fuskarta faɗi, ita da mai lallen duka ba su ji daɗi ba. A ce ta ɗora hannuwan a ƙirji ko kusa da kumatu, su zama tazara ɗaya da fuskar, idan kuma zanen ake so a ɗauke shi daban.

Gwani yana iya karya sharaɗin da gangan. Hoton Bill Clinton da mai hoto Platon ya ɗauka, wanda mujallar Esquire ta sa a bangonta a ƙarshen 2000, daga ƙasa aka ɗauke shi kuma kusa, hannuwansa a kan gwiwa sun fito manya-manya, aka yi ta magana a kai. Mai ɗaukar hawan Sallah da ya durƙusa gaban doki don kansa da kwalliyarsa su cika hoton, mahayin yana can sama, irin wannan dabarar yake yi. Amma ya san abin da yake nema, kuma ba zai yi wa surukarsa haka ba.

Akwai wata lanƙwasa dabam da ake haɗawa da waɗannan, inda bango ko ƙofa ke yin ciki kamar za su fashe. Wannan kam aibin gilashi ne, ya fi yawa a masu araha da waɗanda ake maƙalawa a bayan waya, kuma manhajar Lightroom tana gyara shi da taɓawa ɗaya. Hancin da kusanci ya kumbura ba ya gyaruwa haka, domin gefen fuskar da ya ɓuya bai shiga hoton ba tun farko.

Wai waya mai ido uku ko huɗu ta fi mai ido ɗaya ɗaukar mutum? Sai an duba. A wayoyi masu tsada ɗaya daga cikin idanun yakan zama mai jawo nesa na gaske, kamar yadda iPhone 7 Plus ta zo da mai 56 a 2016, kuma shi ya dace da fuska. A masu araha da yawa, ƙananan idanun 'yan megafiksel biyu ne ko ƙasa da haka, masu taya babbar aunawa, hoton duka babbar ce ke ɗauka. Masu cewa kada a taɓa zum a waya don yana lalata hoto su ma rabin gaskiya suka riƙe. Zum ɗin irin waɗannan wayoyi yanka ne kawai, ka kai shi 8 ko 10 hoton ya dagule. Amma 2 ba ya kashe hoto: daga megafiksel 12 zai bar maka 3, wanda ya isa a wanke hoto mai inci 5 da 7 ya fito tas. Ja da baya mita biyu ka danna 2 a wuri mai haske, inuwar bishiya ko bakin zaure, ya fi ka matso ka cika hoton da 1 nesa ba kusa ba.

Hoton fasfo shi ne inda abin ya fi ba ni takaici, domin shi ne hoton da ke bin mutum shekaru, a takardar makaranta da ta aiki da ta tafiya Makka. Shagon ƙunci ne, an rataya farin ƙyalle, mai ɗauka yana tsaye kamu ɗaya daga fuska da waya, ko kuma 'yar kyamarar kwamfuta ce a kan tebur. Sai kunnuwa su ɓace, goshi ya turo, mutum ya karɓa yana cewa shi dama ba ya kyau a hoto. Ofishin fasfo na Birtaniya, a ƙa'idarsa ga masu ɗaukar hoton a gida, cewa ya yi mai ɗauka ya tsaya mita ɗaya da rabi daga wanda ake ɗauka. Mai shago a Bebeji ko Kiru da wurinsa bai kai haka ba, ya sa kujerar a ƙuryar shagon, shi kuma ya fita bakin ƙofa ya ɗauka daga can, ya ja layi da fenti a ƙasa inda zai riƙa tsayawa don yaransa ma su bi.

Ga matashin da ke da kyamara mai ƙaramar sansa da gilashin 18 zuwa 55, kuma ya tara ɗan abin da ya tara, shawarata ita ce kada ya fara da 85. Ya riƙe wanda yake da shi: 18 zuwa 24 don taro da wuri, 35 don mutum a tsaye, 55 don fuska. Idan duhun ɗaki ne ke damunsa, ya sayi 35 mai f/1.8 in Nikon gare shi, ko 24 mai f/2.8 in Canon ce, domin su ne ke shiga ɗakunanmu. Bayan su sai 50 mai f/1.8 don hoton ango da amarya a tsakar gida. Abin da ya rage ya sa a fitila mai kyau da batir na biyu, tunda biki a ƙauye ba ya jiran a kawo wuta.